Yadda ake zaɓar wa ɗan koyo kayan dafa giya a gida a matsayin kyauta

A Ingila da Amurka da Ostireliya, da zarar Kirsimeti ta gabato shaguna kan cika da kwalayen da aka haɗa wa mai son koyon dafa giya a gida. Kwali ɗaya ne, a ciki akwai bokiti ko tulun gilashi, da tiyo, da ƙullin yis, da tsiron sha'ir. Da yawa daga cikin waɗannan kwalaye sau ɗaya ake amfani da su, sai su koma ƙarƙashin gado. Ba lalacin wanda aka bai wa ba ne ke jawo haka. Mai sayen ne ya duba hoton da ke jikin kwali, bai duba zafin ɗakin da za a ajiye bokitin ba, bai kuma lura da abubuwan da kamfani ya bari ba a saka ba. Waɗannan biyun su ne ke raba kyautar da za ta yi amfani da wadda za ta zama shirgi.

Mataki na 1: Ka tabbata kyautar ta dace da mutumin da kuma wurin

Wannan ba kyautar da ake kai wa Musulmi ba ce, kuma ba wadda Musulmi zai saya wa wani ba, domin addini ya hana shan giya da yin ta da ɗaukar ta da bayar da ita. Haka nan ba a kai wa wanda ya daina sha, ko wanda likita ya hana, ko yaron da bai kai shekarun da doka ta yarda ba, wato 18 a Ingila, 21 a Amurka. Mai ciwon da ke hana cin alkama da sha'ir shi ma a bar shi, domin kusan duk waɗannan kaya da sha'ir ake yin su.

Sai doka. A Amurka, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta halatta dafa giya a gida a 1978, da iyakar galan 100 a shekara ga baligi ɗaya, ko galan 200 ga gidan da ke da manya biyu ko fiye. Ingila ta cire buƙatar lasisi tun 1963. Duka biyun na shan gida ne, sayarwa sai da lasisi. A Najeriya kuwa, jihohi 12 na Arewa da suka ɗauki shari'ar Musulunci, tun daga Zamfara a 1999, suna da dokokin hana giya, kuma kowa ya san yadda Hisbar Kano ke fasa kwalabe. Kada a aika irin wannan kwali can.

Mataki na 2: Girma

Girma uku aka fi samu. Akwai na galan ɗaya, wato lita 3.8, irin na kamfanin Brooklyn Brew Shop, wanda ke ba da kwalba goma ƙanana masu santilita 33. Akwai na kusan lita 8, irin ƙaramar gangar roba ta Mr. Beer. Sai babba, lita 19 a Amurka, lita 23 a Ingila da Ostireliya.

Lita 23 na da daɗin ji a baki, amma a yi lissafi. Bokitin idan ya cika ya haura kilo 23, kuma dole a ɗaga shi kan tebur ranar ɗurawa. Zai ci kwalba wajen 44 masu rabin lita, ko fiye da 60 ƙanana, kuma kowace sai an wanke ta an tsabtace ta ɗaya bayan ɗaya. Idan dahuwar farko ta lalace, wanda ba abin mamaki ba ne ga ɗan koyo, lita 23 ce za a zubar a kwata. Ga wanda ke zaune a ɗaki ciki da falo, ko wanda ba ka tabbatar sha'awar za ta ɗore ba, ƙaramin ya fi. Babban na mai wuri ne da abokan da za su taya shi sha.

Mataki na 3: Irin aikin da kwalin zai sa shi

A nan ne masu saye suka fi rikicewa, don kwalaye uku da ke kama da juna a hoto suna iya bambanta sosai a wahala.

Na farko shi ne na gwangwani. Kamfani ya riga ya jiƙa tsiron sha'ir, ya tace, ya dafa shi da furen hof mai ba giya ɗaci da ƙamshi, sannan ya ƙafe ruwan har ya zama maɗi mai kauri. Gwangwanin Coopers na Ostireliya kilo 1.7 ne, ana ƙara masa kilo ɗaya na sukari a sami lita 23. Muntons na Ingila ma suna yin irinsa, har da mai gwangwani biyu wanda ba ya buƙatar ƙarin sukari. Aikin bai wuce rabin awa ba, kuma ba ya buƙatar babbar tukunya.

Na biyu yana zuwa da maɗin tsiro wanda ba a sa wa hof ba, da ɗan ƙullin ƙwayar sha'ir da za a tsoma a ruwan zafi, da furen hof a ledoji daban. Mai dahuwa ne zai tafasa su awa guda, yana zuba hof a lokutan da takarda ta nuna. Sai an tanadi tukunya mai cin lita 12 zuwa 15, kuma aikin kan ci awa uku.

Na uku zallan hatsi ne. Ana jiƙa ɓarzajjen tsiro a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 68 na awa ɗaya, a tace, a ɗauraye dusar da ruwan zafi, sannan a tafasa. Idan zafin ya haura digiri 75 sinadaran da ke mayar da sitaci sukari sun mutu, sai a tashi da ruwan da yis ba zai sami abin ci a ciki ba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ƙananan kwalayen galan ɗaya masu kyan gani yawanci irin wannan ne. Ƙanana ne, amma su suka fi cin lokaci.

Wanda ke son girki, mai haƙurin tsayawa kan tukunya da ma'aunin zafi a hannu, na ukun zai yi masa daɗi, kuma a galan ɗaya tukunyar miya mai lita 8 ta isa. Wanda kuwa so yake kawai ya ga ya yi abin sha da hannunsa, a saya masa gwangwani. Ba abin kunya ba ne, kuma shi ya fi wuyar lalacewa.

Wani zai ce ai akwai tsiron dawa a kasuwa, wanda ake burukutu da kunun zaƙi da shi, me zai hana a maye gurbin sha'ir da shi idan na kwali ya ƙare? Kamfanonin giya na Najeriya sun koma dawa bayan hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, amma da dabarun masana'anta suka yi. Sitacin dawa ba ya narkewa sai a zafin da ya fi na sha'ir, zafin da ke kashe sinadaran tsiron kansa. Idan aka bi takardar sha'ir da tsiron dawa, sukarin da zai fito kaɗan ne. Wannan darasin gaba ne, ba na dahuwar farko ba.

Mataki na 4: Zafin ɗaki da irin yis

Idan za a tsallake kowane mataki, ban da wannan. Yis halitta ce mai rai, kuma ɗanɗanon giya ya rataya ne kan zafin da ya yi aiki a ciki, musamman kwana uku na farko.

Yis ɗin laga, wato nau'in giyar da ake rubuta wa "lager", yana son sanyin digiri 9 zuwa 13 na makonni. Wannan sai mai firji na musamman da wuta marar yankewa, don haka laga ta gaskiya ba ta ɗan koyo ba ce. Gwangwanaye da yawa da aka rubuta wa "lager" a jiki, ƙullin yis ɗin da ke ƙarƙashin marfinsu na ɗaya nau'in ne, wanda ake rubuta wa "ale", shi ya sa suke tashi a zafin ɗaki. Wannan nau'in yana son digiri 18 zuwa 22. A gidan Landan ko Toronto, kusurwar ɗaki ta wadatar.

A ƙasar zafi labari ya canja. Yis idan yana cikin aiki yana ƙara wa ruwan zafin digiri 2 zuwa 4 a kan na ɗaki. Ɗakin da ke digiri 30 a watan Afrilu, cikin bokitin ya kusa 34. A wannan zafin yis na yau da kullum zai gama aikinsa da sauri, amma giyar za ta fito da warin sinadarin goge farce, da zafi a maƙogwaro, ta kuma sa ciwon kai. Ajiya ba ta gyara wannan.

Mafita biyu ce. Ta farko a sanyaya bokitin: a zaunar da shi cikin baho mai ruwa zuwa rabinsa, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul wanda bakinsa ke cikin ruwan, a kunna masa fanka. Dabarar randa ce, ruwa na busar da kansa yana tafiya da zafi. Tana rage digiri kaɗan, ta fi aiki a busasshiyar iskar hunturu, a damina kuwa sai an riƙa jefa robobin ƙanƙara a bahon safe da yamma. A Jos lokacin hunturu ma wataƙila ba a buƙatar komai, sai dai a rufa wa bokitin bargo da dare.

Ta biyu, wadda ta fi sauƙi, a canja yis. Manoman yammacin Norway suna da wani yis na gado da ake kira kveik, wanda ke aiki lafiya a digiri 30 har zuwa 40 ba tare da ɓata ɗanɗano ba, kuma yakan gama cikin kwana uku ko huɗu. Kamfanin Lallemand na sayar da busasshen irinsa da sunan Voss, a ƙulli mai giram 11. Yana ba da ɗan ƙamshin lemon zaƙi. Idan kyautar ƙasar zafi za ta, ka sa ƙulli biyu na wannan a cikin kwalin, ka rubuta a jiki cewa da shi za a yi, a bar wanda ya zo da gwangwani. Kuɗinsa kaɗan ne, amma ya fi duk wani ƙyale-ƙyalen da za a ƙara.

Ka guji yis na ruwa gaba ɗaya. Sai a firji yake rayuwa, tafiyar mako guda a cikin zafi ta isa ta kashe shi.

Mataki na 5: Ka karanta jerin kayan da ke ciki, ka cike giɓi

Kada ka dogara da kalmar "cikakke" da ke jikin kwali. Ka nemi waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

- Mazubin tashi mai marfi. Ya zama robar da aka yi don abinci, ya kuma fi yawan giyar girma, misali bokiti mai lita 30 don lita 23, saboda kumfa na buƙatar wuri. Wanda ke da famfo a ƙasa ya fi sauƙin ɗurawa. Babban tulun gilashi na da kyan gani amma yana da nauyi da santsi, idan ya fashe yana yanka sosai.
- Makullin iska, wata 'yar roba mai lanƙwasa da ake zuba wa ruwa a soka a marfi. Tana barin gas ya fita, ba ta barin iska ko ƙuda su shiga.
- Tiyo da sandar ɗura kwalba mai ɗan bawul a baki. Ita ke cika kwalba daga ƙasa ba tare da fantsama ba.
- Ma'aunin zafi.
- Haidiromita, wato ma'aunin sukari, da bututun gwajinta.
- Maganin kashe ƙwayoyin cuta.
- Marafan kwalba da abin danne su, da buroshin wanke kwalba.

Abubuwan da aka fi bari a waje su ne haidiromita, da isasshen maganin tsabta, da kwalabe, da tukunya. Ƙananan kwalaye sukan bar mazurari da mataci ma.

Haidiromita sandar gilashi ce da ke iyo a ruwa tana nuna yawan sukarin da ke ciki. Kafin a sa yis takan nuna 1.040 zuwa 1.050, idan ya gama ta sauko 1.008 zuwa 1.012. A cire na ƙarshe daga na farko a ninka da 131, a sami ƙarfin giyar: daga 1.045 zuwa 1.010 kusan kashi 4.6 cikin ɗari ke nan. Amma babban amfaninta shi ne sanin ko yis ya gama. Makullin iska yana iya daina ɓulɓula don kawai marfi bai rufu ba. Sai lamba ta tsaya cak a awo biyu da kwana biyu tsakaninsu ake ɗurawa.

Maganin tsabta kuwa, Star San ne ya fi shahara. Mililita ɗaya da rabi a lita ɗaya ta ruwa, a bar kayan su jiƙe minti biyu, ba a ɗaurayewa, kumfarsa ma ba ta cutar da giya. Ƙaramar kwalba ɗaya za ta yi dahuwa da yawa. Ruwan bilic yana kashe ƙwayoyin cuta, amma idan ko kaɗan ya rage, giyar za ta yi warin asibiti. Haka ruwan famfo mai kulorin ke yi. Rabin ƙwayar Campden, wata ƙwayar sinadari da masu dafa giya ke amfani da ita, idan aka murƙushe shi ya isa ya cire kulorin daga lita 23, don haka ita ma a jefa leda ɗaya a cikin kyautar.

Mataki na 6: Kwalabe

A nemi masu launin ƙasa-ƙasa. Hasken rana idan ya ratsa kore ko farar kwalba yana taɓa sinadarin hof, giyar ta yi wari cikin ɗan lokaci. Su zama masu kauri, waɗanda aka yi don abin sha mai gas, masu bakin da ake danne wa marfin ƙarfe mai faɗin milimita 26. Na gilashi masu bakin murɗawa ba sa kama wannan marfin da kyau. Kwalbar ruwan inabi marar gas, ko ta magani, ko ta zuma, ba za ta jure matsi ba.

Ga ɗan koyo, robobi masu launin ƙasa-ƙasa da marfin murɗawa irin waɗanda Coopers da Mr. Beer ke sakawa sun fi kwanciyar hankali. Ba sa tarwatsewa su watsa gilashi, kuma da an matsa su da yatsa za a san ko gas ya taru. Ko da gilashi za a yi amfani da shi, yana da kyau a cika roba ɗaya ta zama ma'auni.

Mataki na 7: Kwanan wata

Ka juya gwangwanin ka duba ranar ƙarewarsa. Maɗin tsiro idan ya tsufa ko ya sha zafi a sito yakan yi duhu, ya ba da wani ɗanɗano na tsohuwar alewa. Kwalin da aka karya wa farashi bayan biki sau da yawa wannan ne dalili. Ɓarzajjen hatsi ya fi saurin lalacewa, cikin 'yan makonni ake son a yi amfani da shi. Idan kyautar za ta daɗe a hanya, a zaɓi garin tsiro busasshe ko gwangwani, a cire yis da hof a sa a firji da zarar sun iso.

Takardar da za ka rubuta ka saka a ciki

Takardun kamfani sukan yi alƙawarin giya cikin mako ɗaya. Ka rubuta masa tsari na gaskiya, misali na gwangwanin lita 23:

A wanke duk abin da zai taɓa ruwan, sannan a jiƙa shi a magani. Wankewa daban, kashe ƙwayoyin cuta daban, magani ba ya aiki a kan datti. Kada a goge cikin bokiti da soson ƙarfe, domin ƙwayoyin cuta a cikin karce suke ɓuya. A tsoma gwangwanin a ruwan zafi minti goma ya yi laushi, a juye shi a bokiti da lita biyu zuwa uku na tafasasshen ruwa da kilo ɗaya na sukari, a juya har ya narke. Idan da hali, rabin sukarin ko dukansa ya zama garin tsiro, don zallan farin sukari na sa giya ta fito tsararo. A cika da ruwan sanyi zuwa lita 23, a auna zafi, a auna sukari, a rubuta lambar. Idan zafin ya dace da irin yis ɗin, a barbaɗa shi a rufe. Daga nan a ƙyale shi a wuri mai duhu kwana 10 zuwa 14, ba a buɗewa ana leƙe.

Ranar ɗurawa a auna sukari giram 6 ga kowace lita, wato wajen giram 140 ga duka, a tafasa shi a kofi ɗaya na ruwa, a gauraya a hankali a wani tsabtataccen bokiti da aka zuƙo giyar ciki, a bar lakar yis a ƙasan na farko. Wanda zai sa wa kowace kwalba nata, giram 2 ne ga mai santilita 33, giram 3 ga rabin lita. Da sikeli ake aunawa, ba da ido ba. A bar santimita uku zuwa huɗu a wuyan kwalba, a rufe, a jera su tsaye a cikin kwali mai rufi na mako biyu. Ragowar yis zai cinye wannan sukarin ya ba da gas. Sannan firji. Jimilla wata guda ke nan, don haka wanda ke son a sha a wani biki ya ba da kyautar da wuri.

Abin da kan ɓaci, da dalili

Kwalba ta fashe ko ta yi feshi idan an buɗe: an ɗura kafin yis ya gama, ko sukari ya yi yawa, ko wata ƙwayar cuta ta shiga tana cin abin da yis ya bari. A maza a sa sauran a firji, a ɗauke su da tawul a rufe, fuska a nesa. Babu gas ko kaɗan: marfi bai kama ba, ko an kai su sanyi da wuri. Tsami irin na ruwan khal da farin yana a saman ruwa: tsabta ta gaza ko iska ta shiga, kuma yawanci famfon bokiti ne ko tiyo ba a kwance an wanke ba. Ɗanɗanon man shanu ko ɗanyen tuffa: an raba giyar da yis da wuri, ƙarin kwanaki kaɗan a bokiti da sun share shi. Ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali: an fantsama giyar lokacin ɗurawa ta sha iska. Kwana biyu babu alamar tashi, ba kumfa, lambar haidiromita ba ta motsa ba: yis ya mutu, ko don tsufa ko don an zuba shi a ruwan da bai huce ba. A nan ne ƙulli na biyu da ka saka zai yi rana, a barbaɗa shi nan take kafin wata ƙwayar ta riga shi.